HAR YANZU GANI YANA KORAR JI?

A watan Maris na shekarar 2023 wani hoto ya zaga duniya cikin 'yan kwanaki. Marigayi Paparoma Faransis ne a ciki, yana tafe sanye da wata farar rigar sanyi mai kumburi irin ta samarin birni, ga gicciye yana reto a ƙirjinsa. Jama'a suka yi ta tura wa juna, wasu suna dariya, wasu suna cewa bai dace da shugaban addini ba. Amma fa Paparoma bai taɓa sa wannan riga ba, babu telan da ya ɗinka ta, babu kuma kyamarar da ta ɗauki hoton. Wani ma'aikacin gine-gine ne daga yankin Shikago ta Amurka ya rubuta wa wata manhaja mai suna Midjourney abin da yake so ya gani, ita kuwa ta zana masa. Sai masu lura ne suka ga cewa hannun da ke riƙe da kofi a hoton ya cukurkuɗe, ba kamar hannun mutum ba. A cikin saƙonsa na ranar sadarwa ta duniya ta shekarar 2024, Paparoma da kansa ya ambaci cewa shi ma an yi masa irin wannan hoton jabu.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma tun zuwan kyamara mutanenmu suka sa hoto a layin gani. In ana gardama kan wani abu, da an ce "ga hoto" sai baki ya mutu. To, yanzu da kwamfuta ta shiga tsakani, tambayoyi biyu ne a gabanmu. Shin hoto ya sake hali, watau ya zama wani abu dabam da wanda iyayenmu suka sani? Shin kuma gaskiyarsa ta ragu? Ta farko amsarta i ce, ba shakka. Ta biyu ce take bukatar mu zauna, gama akwai abin da muka daɗe muna ɗora wa hoto wanda bai taɓa iya ɗauka ba.

ƘARYAR TA GIRMI KWAMFUTA

An bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a ƙasar Faransa a shekarar 1839, gwamnati ta ɗaukaka Louis Daguerre, ta yanka masa fansho. Wani mutum mai suna Hippolyte Bayard, wanda shi ma ya gano tasa hanyar, ya ga an yi watsi da shi. A shekarar 1840 sai ya tuɓe riga, ya jingina ya rufe ido kamar gawa, ya ɗauki kansa, sa'an nan ya rubuta a bayan hoton cewa wannan gawar Bayard ce, wanda baƙin ciki ya sa ya faɗa ruwa. Mutumin kuwa ya rayu har shekarar 1887. Mai karatu ya riƙe wannan labari, domin za mu sake bukatarsa. Bayard bai taɓa hoton da komai ba. Abin da kyamara ta gani shi ta nuna, watau mutum a jingine da ido a rufe. Ƙaryar tana cikin rubutun.

Ba a daɗe ba kuma aka koyi taɓa hoton kansa. Bayan yaƙin basasar Amurka, lokacin da gidaje da yawa suke makoki, wani mai hoto William Mumler ya yi kasuwa da cewa kyamararsa tana kama kurwar matattu. Mutum zai zauna a ɗauke shi, in an wanke sai ya ga inuwar ɗansa ko mijinta a bayansa. Dabarar ba ta wuce ɗora hoto biyu a kan gilashi ɗaya ba. An gurfanar da shi a kotu a birnin New York a 1869, amma aka sake shi domin an kasa tabbatar da yadda yake yi. Har matar marigayi Shugaba Lincoln ta je wurinsa, ta dawo da hoton mijinta yana dafe da kafaɗunta. A Tarayyar Sobiyet kuma, zamanin Sitalin, duk wanda ya faɗi daga idon sarki sai ya ɓace daga hotuna. Akwai wani sanannen hoto na Sitalin yana tafe a bakin ruwa tare da shugaban 'yan sandan ciki, Nikolai Yezhov. Bayan an kashe Yezhov a 1940, aka sake fito da hoton, inda yake tsaye sai ruwa kawai. Aska da buroshi da fenti ne suka yi wannan aiki.

Mu ma a nan gida mun san ɗakin mai hoto da labulensa mai zanen bene da jirgin sama. A Bamako, Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948, yakan ara wa masu zuwa agogo da rediyo da babur su tsaya da su. Yau ma in dattijo ya rasu, akan yanko fuskarsa daga hoton biki a ɗora a kan gajimare a kalandar tunawa. Ba wanda aka ruɗa da wannan, gama kowa ya san hoton ado ne. Matsala tana farawa ne inda aka miƙa hoto a matsayin shaida, aka ce wannan abu ya faru, a wuri kaza, ranar kaza.

ABIN DA KWAMFUTA TA SAKE

A zamanin fim, hasken da ya fito daga fuskar mutum shi ne ya ratsa idon kyamara ya taɓa maganin da ke jikin fim ɗin, ya bar sawunsa. Bayan an wanke, fim ɗin yana nan a cikin aljihun tebur. In gardama ta tashi ana iya ɗauko shi a ɗaga a rana a duba, in an kankare ko an liƙa wani abu, gwani zai ga tabo.

A shekarar 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta amfani da fim. Nauyinta ya kusa kilo 4, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo dubu 10 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto ɗaya a kaset. Daga wannan akwati ne kyamarar wayar da ke aljihunka ta samo asali. A irin wannan kyamara haske yana sauka a kan wani ɗan faranti, a auna shi, a mai da shi lambobi. Hoton waya na yau da kullum yakan ƙunshi ɗigo miliyan 12 ko fiye, kowane ɗigo kuwa lamba ce da ke faɗin launinsa da haskensa. In ka sauya lambar ka sauya hoton, lamba kuma ba ta tabo. Kwafi na dubu daidai yake da na farko in ba a matse shi ba. Da manhajar Photoshop ta fito kasuwa a 1990, aikin da gwanayen Sitalin suke kwana suna yi ya dawo na ɗan makaranta a shagon kwamfuta.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Wayar zamani ba ta jira ka ce ta yi kwaskwarima. Da ka danna, takan ɗauki hotuna da dama a jere cikin ƙiftawar ido, ta haɗa su, ta haskaka inda ya yi duhu, wata ma ta goge ƙurajen fuska, kafin ta nuna maka. A 2023 wani mutum ya gwada wata wayar Samsung. Ya samo hoton wata, ya dusashe shi da gangan har ramukansa suka ɓace, ya sa shi a allon kwamfuta a ɗaki mai duhu, ya ɗauka da wayar. Sai ga wata ya fito da ramukansa rangaɗau. Kamfanin ya bayyana cewa wayar tana gane wata in ta gan shi, tana kuma ƙara masa kyau da ƙirƙirarriyar basira. Ke nan ko mai gaskiya, wanda bai yi niyyar taɓa komai ba, abin da ke wayarsa rabi gani ne rabi lissafi. Hoton rigar Paparoma shi ne ƙarshen wannan hanya, inda lissafi ya rage shi kaɗai.

Manyan gidajen jarida sun sha fama da wannan, sun kuma sha kunya. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Masar biyu kusa da juna domin su shiga bangonta. A 1994 mujallar Time ta ƙara wa fuskar O. J. Simpson duhu, sai ga Newsweek ta fito da hoton nan ɗaya ba a taɓa shi ba, aka jera su a teburin masu sayar da jarida kowa ya gani. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori mai ɗaukar hotonta Brian Walski, domin ya haɗa hotuna biyu da ya ɗauka a kusa da Basara ta Iraƙi ya mai da su ɗaya. Abin da ya tona shi shi ne an ga wasu mutane sun fito sau biyu a bayan hoton. A 2010 jaridar Al-Ahram ta Masar ta ɗauko Shugaba Mubarak daga gefe ta sa shi a gaban Obama da sauran shugabanni a fadar Amurka. A watan Maris na 2024 manyan kamfanonin dillancin labarai suka janye hoton Gimbiya Catherine ta Ingila da 'ya'yanta saboda alamun gyara a hannun rigar yarinyar, washegari ta nemi afuwa. Abin lura a duk waɗannan shi ne an kama su, kuma akwai wanda za a riƙe. Akwai edita mai suna, akwai ofis mai adireshi, akwai aikin da mutum zai rasa. Hoton da ya faɗo cikin wayarka da tsakar dare ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

HOTON GASKIYA, LABARIN ƘARYA

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu, kuma a ganina hotunan da suka fi yi mana ɓarna a ƙasar nan ba su bi ta Photoshop ba. Irin na Bayard ne.

Ranar 2 ga Yuli 2010 wata tankar mai ta kife a garin Sange da ke gabashin Kwango. Jama'a suka taru suna kwasar mai, wuta ta kama, mutum fiye da 200 suka mutu, cikinsu har da waɗanda suke kallon gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a rumfunan da ke kusa. Aka ɗauki hoton gawarwakin a jere, sun ƙone ƙurmus. Hoton gaskiya ne, mutanen ciki kuma 'ya'yan wasu ne. Amma shekara da shekaru wannan hoto yana yawo a intanet da rubutun cewa Kiristoci ne aka ƙona da ransu a Nijeriya. Shi ɗin ne kuma wasu suka ɗauka suka ce Musulmi ne aka ƙona a ƙasar Bama. Hoto ɗaya ya yi wa ɓangarori biyu shaidar zur, alhali ba a taɓa masa ko ɗigo ɗaya ba.

A watan Afrilu na 2014, da aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, duniya ta tashi da kiran a dawo da su. Ɗaya daga cikin hotunan da suka fi yawo a lokacin shi ne na wata yarinya tana kallon kyamara, da hawaye a kumatunta. Yarinyar ba 'yar Chibok ba ce, ba ma 'yar Nijeriya ba ce. Wata Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, Ami Vitale, ce ta ɗauke ta a ƙasar Gini Bisau shekaru kafin nan, hawayen kuma kwamfuta ce ta sa. Waɗanda suka yaɗa shi niyyarsu mai kyau ce, ba mai musun wannan. Amma an ɗauki fuskar yarinyar da ke zaune lafiya a gidan iyayenta an ce wa duniya tana hannun 'yan bindiga, su kuma iyayen Chibok an nuna wa duniya wata fuska a madadin ta 'ya'yansu.

Na uku ya fi ciwo. A ranakun 23 da 24 ga Yuni 2018 an kai hare-hare a ƙauyukan yankin Barikin Ladi a Jihar Filato. 'Yan sanda sun ce mutum 86 aka kashe, mutanen yankin suka ce adadin ya fi haka nesa. Kisan ya faru, ba mai cewa bai faru ba. Amma tun ranar farko wasu munanan hotuna suka cika Facebook da sunan abin da ke faruwa a Gashish. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamba na wannan shekara ya nuna cewa hoton wani jariri mai sara a kai ya riga ya bayyana watanni kafin nan, kuma wani bidiyo na mutumin da aka fasa wa kai daga Kwango Barazabil ya fito, tun 2012. Ranar 24 ga wata matasa suka tare hanya a kusa da Jos, suka fiddo matafiya daga motoci, binciken ya ce mutum 11 aka kashe. 'Yan sanda da sojoji a jihar sun gaya wa BBC cewa hotunan sun taimaka wajen hura wutar. Waɗanda aka kashe a hanya ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Akwai wata hasara kuma da ba a cika lissafa ta ba. Duk lokacin da aka haɗa hoton aro da kuka na gaskiya, ranar da aka gano aron sai a yi watsi da kukan gaba ɗaya. Wanda ke neman dalilin cewa ba a ƙona ƙauyenku ba, ba ya bukatar ya je ƙauyen. Ya ishe shi ya nuna cewa ɗaya daga cikin hotuna goma da kuka tura na Kwango ne.

YANZU KUMA NA GASKIYA AKE MUSU

Ƙirƙirarriyar basira ta kawo wani sabon ciwo, watau mutum ya ga abin gaskiya ya ce jabu ne. A watan Afrilu na 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ƙi karɓar kyautar da ya ci a gasar hotuna ta Sony, ya ce hoton nasa na'ura ce ta ƙirƙira shi, gwaji yake yi ya ga ko za a gane. A 2024 wani mai hoto, Miles Astray, ya juya abin. Ya sa hoton gaskiya na wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu da ya cusa kansa cikin gashinsa a rukunin hotunan na'ura na wata gasa, ya ci lambar yabo, sai da ya faɗi gaskiya aka soke. In alƙalan gasa suna ruɗewa ta nan da ta can, ina ga ni da kai?

Wannan ya zama mafaka ga duk wanda aka kama da laifi a hoto, gama kalmar "haɗi ne" tana bakin kowa. Ya kuma zama makami a siyasa. A ƙarshen 2018, da Shugaba Ali Bongo na Gabon ya fito a bidiyo bayan jinya, 'yan adawa suka ce na'ura ce ta yi shi, ranar 7 ga Janairu 2019 kuma wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki suna kafa hujja da yanayinsa a bidiyon. A watan Disamba na 2018 nan ne kuma marigayi Shugaba Buhari ya tsaya a ƙasar Foland yana gaya wa 'yan Nijeriya cewa shi ne da kansa, ba wani Jibrin daga Sudan ba, bayan an daɗe ana jera hotunansa ana auna kunne da hannu.

TO INA MAFITA?

Masu ƙera kyamara da masu manhaja sun soma wani shiri a 2021 na manna wa hoto hatimi tun daga lokacin ɗauka, wanda ke riƙe da bayanin na'urar da ta ɗauka da duk gyaran da aka yi daga baya. Kamfanin Leica ne ya fara fito da kyamara mai wannan hatimi a 2023, kuɗinta ya haura dala 9,000. Wasu kyamarori da wayoyi sun bi sahu. Dabara ce mai kyau, sai dai in aka ɗauki hoton allon waya aka tura, hatimin ya tafi. Kuma hatimi zai iya rantsuwa cewa kyamara ce ta ɗauki gawarwakin Sange, amma ba zai hana wani ya rubuta "Nijeriya" a ƙarƙashinsu ba. Ƙirga yatsu da muka koya a zamanin rigar Paparoma shi ma ya daina aiki sosai, gama na'urorin yanzu sun iya hannu.

Abin da ke hannun kowa ya fi sauƙi. Google Lens da TinEye suna iya nuna maka inda hoto ya taɓa bayyana a baya, cikin minti ɗaya, kyauta. Akwai masu bin diddigin labari irin su Africa Check da Dubawa, wadda ma sunanta daga harshenmu yake. A kowane zaure na WhatsApp, na zumuntar mata ne ko na matasa ko na mawaƙa, ba za a rasa yaro ɗaya da ya iya wannan ba, a ba shi aikin. In hoto ya shigo, a tambayi wanda ya turo: wa ya ɗauka, a ina, yaushe? In amsar ita ce "ni ma turo mini aka yi," to har yanzu ji ne ba gani ba, ko da yana da launi. Shugabannin ikilisiya su fi kowa kula, gama abin da ya fito daga wayar fasto ko dattijo jama'a ba sa sake bincika shi.

Wanda kuma bala'i ya same shi ya ɗauki hoto na gaskiya, kada ya goge na asalin daga wayar da ta ɗauka, kada ya yanke shi ko ya ƙara masa rubutu a jiki, domin a cikin na asalin ne akwai kwanan wata da sa'a da sunan na'ura, waɗanda sukan zube in an tura ta kafofin zumunta. Ya rubuta sunan wurin da ranar a takarda, da sunayen waɗanda suke tsaye tare da shi. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 84, ta yarda a gabatar da abin da ya fito daga kwamfuta a kotu, amma sai an nuna yadda aka samar da shi da irin na'urar da ta yi aikin, ta bakin shaida ko ta takardar da wani mai alhaki ya sa wa hannu. A shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar wasu takardu da aka ciro daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba.